Ciwon Gyaɗa Kai: Rayuwa da Cutar da Ba a Gama Sanin Rukuninta Ba

Ciwon gyaɗa kai cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda ke kama yara a wasu yankuna ƙalilan na gabashin Afirka, musamman arewacin Yuganda, da kudu maso yammacin Sudan ta Kudu, da kudancin Tanzaniya. Yaro yakan taso lafiya lau, ya yi rarrafe da tafiya da magana a kan lokaci, har ya shiga makaranta. Sai wata rana, galibi yana tsakanin shekara 5 da 15, kansa ya fara faɗowa gaba yana ɗagowa kamar mai gyangyaɗi, alhali idonsa biyu. Daga nan lafiyarsa takan yi ta ja da baya. Fiye da shekara 60 ke nan da aka fara rubuta bayanin wannan ciwo, amma har yau masana ba su yi ittifaƙi a kan abin da ke haddasa shi ba, ba su kuma daidaita a kan rukunin cututtukan da ya dace a sa shi ba. Wannan rashin tabbas ya shafi iyalan da ke jinya a kowane fanni na rayuwarsu: maganin da za a ba su, hukumar da za ta ɗauki nauyinsu, da irin kallon da maƙwabta ke yi musu.

Yadda ciwon yake bayyana

Alamar farko ita ce gyaɗa kan. Yakan zo sau 5 zuwa 20 a cikin minti ɗaya, ya ɗauki 'yan mintoci, sannan ya lafa. Abubuwa biyu ne aka fi sani da tayar da shi: abinci da sanyi. Da zarar an ajiye kwano a gaban yaro ya fara ci, sai kan ya soma faɗowa, wani lokaci har cikin kwanon. Haka ma da asubahi ko lokacin da gari ya yi sanyi. Da likitoci suka sa na'urar da ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, sai suka ga cewa gyaɗawar kanta wani nau'i ne na farfaɗiya, inda naman wuya ke saki na ɗan lokaci, kai ya rasa abin da zai riƙe shi.

Ciwon ba ya tsayawa a nan ga yawancin yara. Bayan watanni ko shekaru sai farfaɗiya mai jijjiga jiki ta biyo baya, yaro ya riƙa faɗuwa yana kumfar baki. Fahimta takan ragu, karatu ya gagara, magana ta yi nauyi. Wasu sukan yi shiru su ƙura wa wuri ɗaya ido, wasu su zama masu saurin fushi, wasu su riƙa fita suna yawo ba su san inda suka nufa ba. Girma ma yakan tsaya: saurayi ɗan shekara 18 ya yi kama da ɗan shekara 10, balaga ta yi jinkiri, ƙashin baya ko na ƙirji ya lanƙwashe. Richard Idro, likitan ƙwaƙwalwar yara na Jami'ar Makerere da ke Kampala, shi da abokan aikinsa sun kasa tafiyar ciwon mataki biyar, tun daga alamun da ke gabatar gyaɗa kai har zuwa naƙasa mai tsanani inda majinyaci ba ya iya tashi daga shimfiɗa. Ba kowane yaro ne ke kaiwa matakin ƙarshe ba, kuma samun magani da wuri yana rage saurin tafiyar.

Inda aka gan shi

Likita Louise Jilek-Aall, haifaffiyar ƙasar Norwe, ita ce ta fara bayyana yara masu gyaɗa kai a shekarun 1960, lokacin da take aiki a tsaunukan Mahenge na Tanzaniya, inda ta tarar farfaɗiya ta yi yawa fiye da kima a tsakanin al'ummar Wapogoro, har ta buɗe musu asibitin masu farfaɗiya. A lokacin duniya ba ta mai da hankali ba. Sai a shekarun 1990 aka soma samun irin waɗannan yara a yankin Mundri da Lui na kudancin Sudan, ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tura masu bincike can a 2001 da 2002.

Ɓarkewar da ta fi jan hankali ta auku ne a ƙasar Acholi ta arewacin Yuganda, a gundumomin Kitgum, Pader da Lamwo. Yankin ya shafe kusan shekara 20 cikin yaƙi tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Joseph Kony, kuma an tattara kimanin mutum miliyan 1.8 a sansanonin gudun hijira. A cikin waɗannan shekaru ne yara suka yi ta kamuwa, amma sai a 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Yuganda da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka fara bincike mai zurfi. Ƙidayar da aka yi gida-gida a gundumomin uku tsakanin 2012 da 2013 ta ƙiyasta cewa yara 1,687 ne ke ɗauke da ciwon, wato kusan 7 cikin kowane yara 1,000 masu shekara 5 zuwa 18. Wannan ya nuna wata siffa ta ciwon: a faɗin duniya ba kasafai ake ganinsa ba, amma a ƙauyen da ya sauka yakan shiga gida bayan gida, har uwa ɗaya ta yi jinyar 'ya'ya biyu ko uku.

Abin da rashin rukuni yake jawowa

Aikin likita na zamani ya ginu a kan rarraba cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da babban kundi da ke ba cututtuka suna da lamba, kuma bugunsa na 11 ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Da irin waɗannan lambobi asibitoci ke cika takardu, gwamnatoci ke ƙidayar majinyata, ake tsara kasafin kuɗi, ake kuma sanin sashen da zai karɓi mara lafiya. Cututtukan da ba kasafai ake samu ba sun daɗe suna faɗawa tsakanin layuka. A Tarayyar Turai ana sa cuta a wannan sahu idan ba ta kama fiye da mutum 1 cikin 2,000 ba, a Amurka kuwa idan masu ita ba su kai 200,000 ba. An san irinsu sama da 6,000, akasarinsu na gado ne, kuma an ƙiyasta masu fama da su a duniya sun kai miliyan 300. A watan Disamba na 2021 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri na farko a kan halin da waɗannan mutane ke ciki.

Ciwon gyaɗa kai ya fi yawancinsu rikitarwa, domin ya taɓa rukuni da dama bai zauna daram a ko ɗaya ba. Yana da farfaɗiya, amma farfaɗiyar da aka saba ba ta ɓarkewa a ƙauye ɗaya cikin 'yan shekaru sannan ta lafa. Yana taruwa a wuri ɗaya kamar annoba, amma ba a ga shaidar cewa mutum na ɗaukarsa daga mutum ba. Yana da alaƙa da wata tsutsa da ke shiga jiki, amma ba a kama ta a cikin ƙwaƙwalwar majinyatan ba. Yana kuma da alamun lalacewar ƙwaƙwalwa irin wadda aka fi sani ga tsofaffi. Babu gwajin jini ko hoton da zai ce ga shi nan.

Saboda haka a tsakiyar 2012 aka kira taron masana na ƙasa da ƙasa a Kampala, aka tsayar da ma'aunin gane shi ta hanyar alamu kaɗai. Ana zargin ciwon ga wanda da yake lafiya sannan ya fara gyaɗa kai. Zargin yana ƙarfi idan ya fara yana tsakanin shekara 3 da 18, gyaɗawar ta kai sau 5 zuwa 20 a minti, kuma akwai aƙalla ƙarin alama ɗaya, kamar tsayawar girma, ko raguwar fahimta, ko tashin ciwon saboda abinci ko sanyi, ko samun irinsa a maƙwabta. Ana tabbatarwa idan ƙwararren ma'aikacin lafiya ya ga gyaɗawar da idonsa, ko aka ɗauke ta a bidiyo, ko na'ura ta nuna ta. Wannan ma'auni bai faɗi musabbabi ba, amma ya ba ma'aikatan ƙasashe uku harshe ɗaya na ƙidaya da jinya.

Neman musabbabi

An bi hanyoyi da yawa. An duba abincin agaji da aka raba a sansanoni, da irin shuka mai magani da yunwa ta sa wasu suka ci, da gubar makaman yaƙi, da ƙyanda, da ƙarancin sinadarin bitamin B6, da gado. Babu wanda ya ba da cikakkiyar amsa. Abin da ya yi ta maimaituwa a bincike bayan bincike shi ne tsutsar nan mai suna Onchocerca volvulus, wadda ke jawo makantar kogi. Wani ƙaramin baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta, wanda ke hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi. Duk wuraren da ciwon gyaɗa kai ya bayyana wurare ne da makantar kogi ta yi katutu, kuma yaran da suka kamu sun fi takwarorinsu masu lafiya ɗauke da tsutsar. A ƙasar Acholi, yawancin majinyatan sun fito ne daga kusa da kogunan Aswa da Pager, a lokacin da yaƙi ya hana rabon maganin tsutsar.

Tambayar da ta rage ita ce yadda tsutsar da ke zaune a fata da ido take cutar da ƙwaƙwalwa. A 2017 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, ciki har da Tory Johnson da Avindra Nath, suka kawo bayanin cewa garkuwar jiki ce ke kuskure: tana ƙera makamin yaƙar tsutsar, sai makamin ya afka wa wani furotin na ƙwaƙwalwa da ya yi kama da na tsutsar. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da wannan yadda aka so ba. A 2018 kuma Michael Pollanen, masanin binciken gawa na Jami'ar Toronto a Kanada, ya duba ƙwaƙwalwar wasu yaran Acholi da suka rasu, ya tarar da tarin wani furotin da ake kira tau, irin wanda ake gani a cututtukan mantuwa na tsufa. Masana na ci gaba da muhawara ko wannan tarin shi ne tushen ciwon ko kuwa tabo ne da yawan farfaɗiya ya bari.

Wasu masana, musamman Robert Colebunders na Jami'ar Antwerp a Beljiyam, suna ganin ciwon gyaɗa kai reshe ne na babbar matsala guda, wato farfaɗiyar da ke tafiya tare da makantar kogi. Suna kafa hujja da binciken kwarin Mbam na Kamaru, inda aka ga cewa yaran da tsutsar ta fi yawa a fatarsu su suka fi kamuwa da farfaɗiya daga baya. Suna kuma tuni da ciwon Nakalanga, mai tsayar da girman yara, wanda aka bayyana a dajin Mabira na Yuganda a 1950, ya kuma ɓace bayan an kawar da baƙin ƙuda daga yankin. Masu ja da wannan ra'ayi suna tambaya: makantar kogi ta yaɗu a ƙasashen Afirka kusan 30, me ya sa gyaɗa kai ya taru a 'yan wurare kaɗan? Mai yiwuwa ne sai tsutsar ta haɗu da wasu abubuwa, kamar yunwa da raunin jiki, kafin ciwon ya fito.

Rayuwa a cikin gida

Nauyin jinya kusan duka yana kan iyali, musamman iyaye mata da kakanni. Yaron da farfaɗiya ke iya kayarwa a kowane lokaci ba a barinsa shi kaɗai, domin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan yara su ne faɗawa wuta, nutsewa a rafi ko rijiya, da farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa. Da yawansu suna ɗauke da tabon ƙuna a hannu da fuska. A ƙasar Acholi, iyalan manoma ne da suka dawo daga sansani ba su da komai, kuma gona ba ta jira. Uwa takan samu kanta tsakanin zama gadin ɗa da fita neman abin da za a ci. Wannan ne ya sa wasu iyaye ke ɗaure yaro da igiya a jikin bishiya ko su kulle shi a ɗaki kafin su tafi gona. Abu ne mai ciwo a gani, amma tsoron wuta da ruwa ne ke kai su ga haka, ba ƙiyayya ba.

Cin abinci, wanda ya kamata ya zama lokacin hutu, yakan zama lokacin fargaba, tunda shi ke tayar da gyaɗawar. Yaro ya kasa ci, ya rame, ramar kuma ta ƙara masa rauni. Makaranta takan yanke, wani lokaci saboda karatun ya gagara, wani lokaci saboda tsangwamar yara da fargabar malamai. 'Yan mata masu ciwon suna cikin haɗari na musamman: an sha samun waɗanda aka yi wa fyaɗe saboda ba sa iya kare kansu ko bayyana wanda ya cuce su, suka haihu, renon jariri ya ƙaru a kan kakar da dama ta gaji.

Inda likita bai ba da amsa ba, jama'a sukan samar da tasu. Wasu mutanen Acholi sun danganta ciwon da ruhohin waɗanda aka kashe a yaƙi ba a yi musu jana'iza ba. Wasu sun zargi abincin agaji ko hayaƙin bama-bamai, wasu kuma sun ɗauke shi alamar cewa gwamnati ta yi watsi da yankinsu. Tsoron ɗauka ya sa a gidaje da yawa aka ware wa majinyaci kwanonsa da wurin kwanansa, 'yan uwansa ma suka rasa masu neman aurensu. Irin wannan zato sananne ne game da farfaɗiya a ƙasar Hausa, inda wasu ke gudun yawun mai faɗuwa ko su ce iska ce. A nan ilimi yana da tabbatacciyar magana: ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci tare. Akwai kuma gajiyar da masu bincike suka bari. Iyalai sun ba da jini da fitsari da fatar 'ya'yansu ga baƙi iri-iri, kuma da yawansu sun koka cewa ba a dawo an gaya musu abin da aka gani ba.

Jinya ba ta jiran suna

Babban darasin Yuganda shi ne an iya taimakon yaran tun ba a san musabbabin ba. A 2012 gwamnati ta buɗe cibiyoyin jinya a Kitgum, Pader da Lamwo, aka horar da ma'aikata, aka fitar da tsarin kulawa da ya haɗa maganin farfaɗiya mai suna sodiyam balfurowet, da abinci mai gina jiki, da gashin ƙashi, da kula da lafiyar tunani. Da Idro da abokan aikinsa suka bibiyi majinyata kusan 500 bayan shekara guda, sai suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu farfaɗiyar ta daina zuwa musu, yawancin sauran ta ragu sosai, da dama sun koma iya wanka da cin abinci da kansu, wasu ma sun koma aji. Wata cibiya mai zaman kanta da likitar Amurka Suzanne Gazda ta kafa a Odek ta nuna irin wannan sauyi ga yaran da suka samu abinci da magani a kan kari, amma ta rufe a 2017 saboda ƙarancin kuɗi.

An kuma gwada maganin doksisaikilin, wanda ke kashe ƙwayoyin bakteriya da tsutsar ke dogaro da su don rayuwa. Sakamakon gwajin da aka yi a kan majinyata 240 a Yuganda, wanda aka buga a 2024, ya nuna bai warkar da ciwon ba, amma waɗanda suka sha shi sun fi ƙarancin kwanciya asibiti saboda farfaɗiya mai tsanani.

A gida, abubuwan da ke ceton rai masu sauƙi ne: shan magani kullum ba fashi, domin yanke shi farat ɗaya na iya tayar da farfaɗiya mai kisa; killace murhu; rufe rijiya; hana yaro zuwa rafi shi kaɗai. Idan ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura masa ruwa. Idan jijjigar ta wuce minti 5, asibiti ya kama.

Raguwar sababbin kamu da waɗanda suka rage

Tare da buɗe cibiyoyin jinya, Yuganda ta ƙarfafa yaƙi da makantar kogi a arewa. Aka koma raba maganin tsutsar, wato Mectizan, sau biyu a shekara, wanda kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987, aka kuma riƙa zuba maganin kashe 'ya'yan ƙuda a koguna. Cikin 'yan shekaru sababbin kamu suka ragu ƙwarai har suka kusa ɓacewa. Masu danganta ciwon da tsutsar suna ɗaukar wannan a matsayin hujjarsu mafi ƙarfi, ko da yake a daidai lokacin ne kuma aka watse daga sansanoni, abinci ya inganta, zaman lafiya ya dawo. A Sudan ta Kudu, inda rikici ya daɗe yana katse rabon magani, an ci gaba da samun sababbin yara a yankunan Maridi da Mundri, kuma a Maridi an ɗauki dabarar sassabe ciyayin da ƙudan ke maƙala ƙwai a bakin madatsar ruwa.

Wannan darasi ya shafi duk ƙasar da ke da makantar kogi. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma ana raba Mectizan a jihohi da dama. Jamhuriyar Nijar kuwa ta zama ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da cutar, a watan Janairu na 2025. Idan alaƙar tsutsar da farfaɗiya ta tabbata yadda shaidu ke nunawa, to karɓar wannan magani a kai a kai yana kare ƙwaƙwalwar yara kamar yadda yake kare idon manya.

Tsayawar sababbin kamu bai kawo ƙarshen lamarin ba a ƙasar Acholi. Yaran da suka kamu a shekarun sansani yanzu manya ne masu shekara 20 zuwa 30 da wani abu, da yawansu ba sa iya noma ko riƙe gida, iyayen da ke kula da su kuma suna tsufa. Tunda an daina kiran abin annoba, hankalin masu ba da tallafi ya koma wani wuri, magani yakan yanke a ƙananan asibitoci, kuɗin mota zuwa karɓo shi ma yakan gagari iyali. Buƙatunsu a bayyane suke ko da muhawarar masana ba ta ƙare ba: maganin farfaɗiya da ba ya yankewa a asibiti mafi kusa, abinci isasshe, koyar da sana'a ga masu iyawa, kariyar doka ga mata, da tallafi ga masu jinya. Binciken musabbabi zai ci gaba, kuma yana da muhimmanci don hana ciwon sake ɓulla a wani wuri, amma kula da waɗanda ya riga ya kama aiki ne na tsawon rayuwarsu da ke kan gwamnati da al'umma tun yanzu.